Tarihin Koyar da Bincike a Ƙasar Funtuwa, Daga Zaure Zuwa Intanet

Tun kafin jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Kauran Namoda, tun kafin a kafa injin gurzar auduga da ya mai da garin matattarar fatake da 'yan ci-rani, malaman ƙasar Maska da Bakori da Malumfashi sun riga sun san cewa mallakar littafi daban take da sanin inda mas'ala ta kwanta a cikinsa. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilimi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya haɗa masa himma da tsawon rai ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu. Kuma a duk tsawon wannan tafiya, malamin da ke zaune bisa buzu a zaure shi ne fihirisarsa, domin shi zai ce masa hukunci kaza yana babi kaza, sharhin wane ya warware shi, hashiyar wane kuwa a yi hattara da ita.

Littattafan zamanin duk rubutun hannu ne, warƙoƙi marasa ɗinki a cikin tadarishi da gafaka, har mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a gindin wadda ta gabace ta, don kada jerin ya rikice. Wanda bai sami abin da yake nema a garinsu ba, sai ya yi ƙaura zuwa 'Yandoto kusa da Tsafe, ko Zazzau, ko Birnin Katsina inda Ɗan Marina da Ɗan Masani suka karantar a ƙarni na 17. In ya gama littafi, malami ya ba shi ijaza, a ambaci waɗanda aka karɓo karatun daga gare su, ɗaya bayan ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman domin ya bayyana shaihunansa da abin da ya karanta wurin kowannensu. A ganina wannan ladabi na isnadi shi ne mafi girman gadon da magabata suka bar wa mai bincike, domin da shi ake gane maganar da ke da asali da wadda aka tsinta a hanya.

Da boko ya zo, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, sai littafin ɗab'i ya fara yawaita. Amma babban canji ya auku ne a 1962, sa'ad da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, bisa hanyar da ta taso daga Zariya zuwa Funtuwa. Ɗan manomin auduga da ya shiga ɗakin karatun jami'ar mai suna Kashim Ibrahim ya tarar da littattafai dubbai bisa kantoci, babu malamin da ya haddace su, sai akwatunan katuna da aka jera bisa sunan mawallafi da sunan littafi da fanninsa, kowane kati ɗauke da lambar da za ta kai mutum ga kantar da littafin yake. A 1968 jami'ar ta buɗe sashen koyar da aikin laburare, daga baya kuma koyon amfani da ɗakin karatu ya zama darasi na wajibi ga sababbin ɗalibai a jami'o'in Nijeriya, ko da yake sau da yawa a babban zaure ake yinsa, ɗalibai ɗaruruwa, a yi jarrabawa a wuce.

Yau kuwa ɗalibin da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ko ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi, a wayar hannu suke fara bahasi, inda sahihi da ƙarya suke zuwa a cakuɗe, alhali auduga ba ta saƙuwa sai an fitar da angurya. Domin koya wa ɗalibai irin wannan tacewa, jami'o'in Amurka sun fara tsara darussan bincike a intanet tun shekarun 1990, ɗalibi ya bi su shi kaɗai mataki mataki, ya amsa tambayoyi, a nuna masa inda ya kuskure.

Saboda haka ina kira ga masu kula da ɗakunan karatu na manyan makarantun Jihar Katsina da su tsara irin wannan darasi da kansu, gajere, wanda ƙaramar waya za ta iya buɗewa ko da sadarwa ta yi rauni, da Hausa da Turanci, da misalai daga noma da lafiya da tarihin ƙasarmu. Babin farko kuma ya zama tambayoyin da malaman zaure suka saba yi wa almajirai: wa ya faɗi wannan magana, yaushe ya faɗe ta, kuma daga wa ya karɓo ta.