Yadda lasisin Intel ya kori Nvidia daga kasuwar cifset

A watan Fabrairun 2009 kamfanin Intel ya maka Nvidia a wata kotu da ke jihar Delaware ta Amurka, yana neman alƙali ya fassara wata yarjejeniya da suka sanya wa hannu a shekarar 2004. Tambayar gajeriya ce: shin lasisin da Nvidia ke riƙe da shi ya ba shi damar ƙera cifset domin sabbin furosesocin Intel, ko kuwa iyakarsa tsofaffi? A kan wannan tambaya wata sana'a sukutum ta rufe ƙofa.

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfutar wancan zamani ya san abin da ake faɗa a kai. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa, amma a lokacin ba ta magana kai tsaye da sauran kayan. A kan madabod akwai ƙananan na'urori biyu da ake kira cifset, ɗaya tana haɗa furosesa da memori da katin hoto, ɗayar tana kula da faifan ajiya da kafofin USB da sauti. Kowane kamfani mai gwaninta zai iya ƙera su, sai dai hanyar da za su bi su gana da furosesa mallakar mai furosesar ce. Mai ƙera cifset ɗan haya ne a shagon da ke ƙofar gidan wani. Komai yawan cinikinsa, makullin na hannun maigida.

Kamfanin VIA na Taiwan ne ya fara ɗanɗana wannan. A wajajen 1999 Intel ya dage sai an yi amfani da memorin Rambus mai tsada, masu haɗa kwamfuta kuwa suka koma wa cifset ɗin VIA da ke aiki da memori mai araha, har VIA ya kwashe babban kaso na kasuwa. Da furosesar Intel ta Pentium 4 ta fito, VIA ya saki cifset mai suna P4X266 a 2001 ba tare da amincewar Intel ba. Intel ya kai ƙara, manyan masu ƙera madabod suka ja da baya don gudun ɓata wa mai ba su furosesa rai. Sai a Afrilun 2003 aka sasanta, amma kafin nan kasuwar ta yi wa VIA nisa.

Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993, ya shigo ta hanyar da ta fi tsari. Ya fara da cifset ɗin nForce domin furosesocin AMD, abokin hamayyar Intel, a 2001, sannan a Nuwamban 2004 ya ƙulla yarjejeniyar musayar lasisi da Intel. Shi ma yana da nasa makullin: fasahar SLI, wadda ke ba mutum damar haɗa katunan hoto biyu su yi aiki tare. Shekaru da dama, mai son SLI dole ya sayi madabod mai cifset ɗin Nvidia. Wato kamfanin da daga baya ya yi kukan an rufe masa ƙofa, shi ma ya iya rufe tasa, kuma adalci ne a faɗi haka.

Abubuwa biyu suka matse shi. A 2006 AMD ya sayi ATI, babban abokin hamayyar Nvidia, a kan dala biliyan 5.4, ya samu cifset da katin hoto na cikin gida. Sannan a Nuwamban 2008 Intel ya fito da furosesar Core i7 mai tsarin Nehalem, inda sashen da ke sarrafa memori ya tashi daga cifset ya koma cikin furosesar kanta, tsohuwar hanyar sadarwa kuma aka maye gurbinta da sabuwa. Intel ya ce lasisin 2004 bai shafi wannan tsari ba. Nvidia ya ce ya shafa, ya shigar da tasa ƙarar a watan Maris na 2009. A daidai lokacin cifset ɗinsa na GeForce 9400M yana cikin kwamfutocin MacBook na Apple, ya kuma fi na Intel ƙarfin sarrafa hoto nesa ba kusa ba. Ingancin kaya bai cece shi ba. A Oktoban 2009 ya sanar da dakatar da aikin cifset domin sabbin furosesocin Intel. A kan SLI ma ya riga ya sassauta, ya bar madabod masu cifset ɗin X58 na Intel suna amfani da ita da lasisi.

Hukumomi ba su zuba ido ba. A Nuwamban 2009 Intel ya amince zai biya AMD dala biliyan 1.25 don kashe rigingimun da ke tsakaninsu, wata guda bayan haka hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tuhumi Intel da danne abokan hamayya. A sulhun da aka yi a Agustan 2010, an wajabta masa ya ci gaba da barin kafar PCI Express a kayansa na tsawon aƙalla shekara shida. Wannan sharaɗi ya fi kowanne muhimmanci ga mai sayen kwamfuta, domin ta wannan kafa ce katin hoton wani kamfani ke shiga ya yi aiki.

A Janairun 2011 Intel da Nvidia suka janye ƙararrakinsu. Intel ya amince zai biya dala biliyan 1.5 don amfani da fasahohin Nvidia, amma bai ba shi lasisin ƙera furosesocin x86 irin na Intel ba, bai kuma buɗe masa hanyar cifset ba. Mai saye ne ya yi asara a nan: tun daga lokacin, furosesar Intel sai cifset ɗin Intel. Nvidia kuwa ya maida ƙarfinsa kan katunan hoto da manyan na'urorin lissafi, waɗanda daga baya suka zama ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira. A Satumban 2025 ya sanar da zuba jarin dala biliyan 5 a cikin Intel, tare da shirin haɗa fasahar hotonsa da furosesocin x86 a cikin na'ura guda.