Alkyabbar Majigi da Tumakin Niyu Zilan

Duk wanda ya taɓa kallon majigi ya san alkyabba tana ƙara wa mutum kwarjini, kamar yadda take ƙara wa sarki ran hawan Salla. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane masu yawa waɗanda in sun ga alkyabba a wani wasa ta ba su sha'awa, sai su ɗauri niyyar ɗinka irinta, su sa ran wani taro. Ɗinkin ba shi da wuya, gama yawanci rabin da'ira ne da hula. Wahalar tana wajen zaɓen yadi, domin abin da ido ya gani a allon majigi ba lalle ne ya zama shi aka sa wa ɗan wasa ba.

Wannan ruɗi tsoho ne. A shekarar 1952 aka fara nuna wasan Superman a talabijin a Amurka. Kowa ya san kayan wannan jarumi shuɗi ne da ja, amma kayan da ɗan wasan, George Reeves, ya sa da fari ruwan toka ne da ruwan ƙasa, don hoton lokacin baƙi da fari ne, shuɗi da ja kuwa ba su rabuwa sosai a cikinsa. Haka kuma a 2016 Michele Clapton, wadda ta shirya tufafin wasan Game of Thrones, ta bayyana cewa waɗansu alkyabbun da masu kallo suka ɗauka fatun namun daji ne, shimfiɗun ɗaki ne na kantin IKEA aka yanka, aka rina, aka dirje su har suka yi kama da tsofaffi.

Amma alkyabbar da ta fi wahalar da masu kwaikwayo ita ce ta wasan The Lord of the Rings. Wani malamin jami'a na Ingila, J.R.R. Tolkien, shi ya rubuta littafin, aka buga shi a 1954 da 1955. A cikin labarin waɗansu matafiya sun sauka a wani daji, mutanen dajin suka ba kowannensu alkyabba marar nauyi, mai ɗumi, wadda launinta ke sajewa da dutse ko ganye don kada abokan gaba su hango mai ita. Faɗin haka a takarda abu ne mai sauƙi. Sa'ad da Peter Jackson ya tashi mayar da littafin majigi a ƙasarsu, Niyu Zilan, sai nauyin samo wannan yadi ya faɗa kan Ngila Dickson, shugabar masu tufafi. An fara ɗaukar hoto a watan Oktoba na 1999, aka gama babban aikin a Disamba na 2000.

Abin mamaki, yadin yana nan kusa da su. A lardin Wairarapa, gabas da birnin Wellington, akwai wata gona mai suna Stansborough, inda waɗansu mata da miji suka fara kiwon wani irin tumaki a farkon shekarun 1990. Asalin tumakin daga tsibirin Gotland ne na ƙasar Suwidin. Gashinsu ruwan toka ne tun daga halitta, wani ya yi duhu, wani ya yi haske, ga laushi ga sheƙi. Masu gonar suka yi shekaru suna zaɓen waɗanda suka fi kyawun gashi suna haɗa su, har garken ya zama iri na dabam. Ba su tsaya ga sayar da ulu ba, suka samo tsofaffin injunan saƙa na Ingila, ƙirar shekarun 1890, suna saƙa da su.

Tsufan injin nan ya yi rana. Injin zamani yana gudu, yana son zare mai ƙarfi wanda kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, yadin da yake fitarwa kuwa sumul yake kamar takarda. Tsohon inji a hankali yake tafiya, saƙarsa tana kusa da ta hannu. Duk wanda ya taɓa riƙa saƙi na masaƙa a hannu ɗaya, yadin kanti a ɗayan, ya san bambancin. An haɗa zare mai duhu da mai haske, aka fitar da ƙananan zane a jikin saƙar. Daga nesa sai a ga ruwan toka kurum, in an matso sai zanen ya bayyana, in haske ya sauya launin ya sauya. Wannan shi ne abin da marubucin ya kwatanta, masaƙa suka cim masa.

Akwai wata dabara kuma wadda ta cancanci yabo. Waɗansu mutanen labarin gajeru ne ƙwarai, ga shi kuwa 'yan wasan da suka fito a matsayinsu tsawonsu na kowa ne. Saboda haka in za a ɗauki hoto daga nesa sai a sa waɗansu gajerun mutane a madadinsu. To, in aka ɗinka wa babba da ƙarami tufafi da yadi guda, zanen saƙar zai yi girma a jikin ƙaramin, asiri ya tonu. Sai aka riƙa saƙa yadin tufafinsu iri biyu, mai manyan zane da mai ƙanana. Wasan ya fito kashi uku, a 2001 da 2002 da 2003. A 2004 aka ba Ngila Dickson da Richard Taylor lambar Oscar ta tufafi saboda kashi na uku.

Tun fitowar kashi na farko masu sha'awa suka bazama kantuna neman yadi, nan fa gardama ta tashi. Wani ya ce alkyabbar kore ce, wani ya ce ruwan toka. Kowa da gaskiyarsa, gama hasken wurin ɗaukar hoto yana canza launi, bayan haka kuma an bi hotunan da kwamfuta an gyara launinsu. Waɗanda suka bi launi kaɗai suka sayi yadin roba mai araha, sai ya riƙa ƙyalli a rana, iska kaɗan ta ɗaga shi kamar tuta. Waɗansu suka sayi ulu mai kauri irin na bargon soja, ya sandare a kafaɗa, ya ƙi zubowa. Waɗanda suka dace su ne suka nemi ulu mai matsakaicin nauyi, mai sakwa-sakwan saƙa, wanda aka cuɗa zare kala biyu a cikinsa. Kafin su biya kuɗi sukan karɓi ƙyalle, su fita da shi rana, su rataya shi a hannu su ga yadda yake faɗuwa, su ɗauke shi hoto su gwada da na majigin. Wannan wayo ne, domin alkyabbar da za ta kai idon sawu tana cin yadi huɗu ko biyar, ulu kuwa ba ya araha.

Daga baya masu gonar suka sami izini daga masu wasan, suka shiga sayar da alkyabbu da mayafan wuya na wannan saƙa ga mai iya biya. Masu majigi ma suka komo musu, suka saƙa yadi domin wasan Narnia na 2005, da kuma mayafin wuyan da dattijo Gandalf ya sa a wasan The Hobbit na 2012.