Cin bashi da damina, biya da kaka: tarihin bashi a gidan manomin ƙasar Maraɗi

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A ƙasar Maraɗi, tun daga zuwan Nasara har zuwa wannan zamani, da wuya a samu gidan manomi da bai taɓa ɗaukar wannan kaya ba. Sai dai wanda ya bi tarihin da natsuwa zai lura da cewa nauyin bashi a karkara ya fi rataya ga lokaci bisa ga yawan kuɗin. Ana cinsa ne a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada, ana biyansa da kaka, sa'ad da kowa ke sayarwa kuma hatsi ya faɗi warwas. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ne cimakar iyali take zurarewa. Duk wani tsari da aka kawo wa manomi cikin shekaru ɗari, na ɗan kasuwa ne, na gwamnati ne ko na mata, ana iya auna shi da tambaya guda: wa ke da ikon tsaida ranar biya?

Gandu da gamana

Kafin kuɗin Nasara su game ƙasa, tattalin gida ya ginu a kan gonaki iri biyu. Akwai gandu, babbar gonar da dukan mazan gida ke nomawa a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gamana, ƙananan gonakin da ake yanka wa mata da samari su noma wa kansu. Daga amfanin gandu maigida ke ciyar da iyali lokacin aikin damina, ya biya abin da sarki ya aza, ya yi wa ɗansa auren fari. Masanin Faransa Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan yankin, ya bayyana yadda a gidaje da yawa maigida kan raba wa mata rabonsu bayan girbi, ya liƙe babban rumbu, ba za a buɗe shi ba sai ruwan shuka ya sauka. A tsawon rani, mace ce ke riƙe da kanta da ƴaƴanta da abin da ta samu a gamana da ƴar sana'arta.

Liƙe rumbun nan wata dabara ce ta kare iyali daga bashi. Hatsin da aka liƙe ba na sayarwa ba ne, ba na biyan kowa ba ne, na ƙarfin noma ne. Idan kuma shekara ta ƙi, sai a nemi rance wurin dangi ko maƙwabci, dami a mayar da dami, ko a jinginar da gona har ranar da hali ya samu. Mata su ma suna da nasu bashin da ba a rubutawa, wato biki. Abin da ƙawa ta kawo ranar suna ko aure, ana mayar mata da shi ninki idan nata sha'anin ya zo. Irin wannan bashi ba shi da rana tsayayya. Yana tafiya ne da haihuwa da aure, kuma kunya ce ke tsaron sa.

Lanho da gujiya

Abin da ya sauya wannan tsari shi ne harajin Nasara, wanda talakawa ke kira lanho ko bodo. Faransawa sun aza shi a kan kowane baligi, suka daina karɓar wuri, suka ce sai tamma. Suka kuma tsaida lokacin karɓarsa bayan girbi. Ga manomin da ba shi da kuɗi a hannu, hanya biyu ta rage: ya sayar da hatsin cinsa, ko ya noma abin da kamfanonin Turawa ke saye. Abin da suke saye kuwa shi ne gyaɗa, wadda mutanen Maraɗi ke ce wa gujiya.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, ta haka gujiyar kudancin Nijar ta samu hanyar fita zuwa teku. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA da CNF suka buɗe kantuna da wuraren awo. Ba su shiga ƙauyuka da kansu ba. Sukan ba manyan ƴan kasuwar gari kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu, yaran su bi ƙauye-ƙauye. Emmanuel Grégoire, a cikin littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa arzikin da yawa daga cikin manyan attajiran garin daga wannan aiki ya soma. Sarƙa ce ta bashi tun daga ofishin kamfani har ƙofar bukka, kuma manomi ne zoben ƙarshe.

A nan ne falle ya yi ƙarfi. Manomi ya karɓi kuɗi ko tiyar hatsi a watan Yuli ko Agusta, ya yi alkawarin biya da gujiya idan an cire, a farashin da mai ba da bashin ya yanke tun amfanin yana ƙasa. Da kaka ta yi, masu jira sun yi layi: mai falle, maigari da ke tara lanho, mai kantin da aka ɗauki turmin atamfa a wurinsa, ga kuma aure da suna da aka ɗage har sai an girbe. Abin da ya rage bayan an sallami kowa shi ne cimakar shekara. Idan bai kai ba, sai maigida ya tafi cin rani, damina ta dawo kuma a sake komawa wurin mai falle.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ga wannan rami, musamman bayan yunwar 1931 da fara ta haddasa. Ta tilasta wa ƙauyuka ajiye hatsi a rumbunan tsimi, ta kafa ƙungiyoyin tanadi masu ba da rancen iri. Amma makullin yana hannun kumandan da sarakuna, kuɗin shiga ƙungiyar kuma tare da lanho ake karɓarsa. Manoma suka ɗauke shi wani sabon haraji, ba su taɓa jin cewa rumbun nasu ne ba.

Bashin gwamnati

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta yi niyyar raba manomi da ƴan falle. A 1962 aka kafa SONARA domin cinikin gujiya, aka kafa UNCC domin ƙungiyoyin gama-kai da rance, a 1967 kuma aka buɗe asusun bashin noma na CNCA. Lokacin gujiya tana kan ganiyarta: a kakar 1966 zuwa 1967 an saye kusan tan 190,000 na ɓararriya a ƙasar, kuma ita ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa.

Tsarin da aka shimfiɗa a tsakiyar shekarun 1960 ya haɗa rance da awo. Ƙauye ya karɓi iri ko kayan noma bashi, ya sayar da gujiyarsa a kasuwar ƙungiya, a ƙarshen ciniki a raba masa rarar da aka samu. Idan wani ya kasa biya, daga rarar dukan ƙauyen ake cirewa. Dabarar ta yi aiki a wurare da dama, domin maƙwabci ya fi ma'aikacin gwamnati sanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi. Amma ranar biya ba ta gusa ba, tana nan da kaka. Rancen kuma na iri ne da garma da taki. Ba a ba da shi domin tuwon dare, ko maganin yaro, ko ragon suna, alhali waɗannan ne ke kai maigida ƙofar ɗan kasuwa a tsakiyar damina. Sai ya zama manomi da yawa suna ɗauke da bashi biyu, na gwamnati da na mai falle, gona ɗaya kuma ke biyan su.

Farin 1973 da 1974 ya karya wannan gini. Sojoji suka hamɓarar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, a 1975 kuma cutar da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gujiyar da ta rage. Manoma suka koma ga hatsi da wake. Albarkacin kuɗin uraniyom, Seyni Kountché ya yafe harajin dabbobi, daga baya ya soke babban harajin kai, abin da ya sauke wa gidaje da yawa kaya mai nauyi. Sai dai farin 1984 ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan Buhari. Basussukan da ba a biya ba suka taru, CNCA ta durƙushe a cikin shekarun 1980, babban bankin raya ƙasa BDRN ya bi ta a 1990. Ƙauye ya wayi gari ba shi da mai ba shi rance sai ɗan kasuwa.

Ma'aikaci ya ɗanɗana

A shekarun 1990 mai albashi ma ya san abin da manomi ya daɗe da sani. Baitulmali ya bushe, malaman makaranta da sauran ma'aikata suka riƙa yin watanni ba a biya su ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa a kan 50 ta koma 100. Magani da shinkafa da kayan makaranta suka yi tsalle. Gidan malami ya dogara ga karnen mai kanti, inda ake rubuta sukari da sabulu da mai har ranar da albashi zai faɗo. Wanda ya matsu ƙwarai yakan ɗauki buhu bashi a farashi mai tsada, ya sayar nan take a ƙasa da kuɗinsa domin ya samu na cefane. Sunan da jama'a suka ba irin wannan ciniki ya isa bayani: a ci ba daɗi. Ranar da albashin ya zo, masu bin bashi ne ke fara cin sa, kamar yadda suke fara cin kakar manomi.

Akwatin mata da magazin mai makulli biyu

A daidai wannan lokaci ne wata hanya ta ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1991, ƙungiyar CARE ta soma aikin Mata Masu Dubara a ƙauyukan Maraɗi. Tushensa adashe ne, wanda mata suka sani tun kaka da kakanni, sai dai an yi masa gyara. Mata kamar talatin sukan taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ajiye cikin akwatin ƙarfe da makullansa ke hannun mata dabam-dabam. Mai buƙata ta ranta na ɗan lokaci, ta mayar da ɗan ƙari, ƙarin kuma ya zauna cikin akwatin. Ba kuɗin banki a ciki, ba na gwamnati. Su ne ke zaɓen ranar fasa asusu, kuma sau da yawa sukan sa ta gab da damina ko gab da salla, lokacin da gida ya fi buƙata. An yi muhawara a kan ƙarin, ko ya shiga hukuncin riba, wasu ƙungiyoyin kuma suka zaɓi juya kuɗin ta hanyar saye da sayarwa. Tsarin ya bazu a Nijar, daga nan aka kwaikwaye shi a ƙasashen Afirka da dama.

A ƙarshen shekarun 1990 kuma, wani shirin hukumar abinci ta duniya FAO ya gwada jinginar amfanin gona. Maimakon manomi ya sayar da kaka, sai ya kai buhunansa magazin ƙungiya, a rufe da makulli biyu, ɗaya wurin manoma, ɗaya wurin asusun da ya ba da rance. Ya karɓi kuɗin da bai kai darajar kayan ba, ya yi kiwo ko noman rani, ya biya bayan wata biyar ko shida, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Wannan shi ne tsohon liƙe rumbu a cikin sabuwar riga, kuma tsarin rance ne da ya matsar da ranar biya daga kaka zuwa bazara. Yana da nasa haɗari: shekarar da farashi bai tashi ba, manomi ya biya ƙari da kuɗin ajiya a banza, kuma wanda bai girbe rara ba ba shi da abin jinginarwa.

Darasin 2005

Matsalar abinci ta 2005 ta nuna cewa tsohon ramin yana nan. Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, tana cikin yankunan da tamowa ta fi kama yara. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. A tsakiyar damina buhu mai kilo 100 ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, da aka girbe kuma ya faɗo ƙasa da rabin haka. Wanda ya ci bashin buhu ɗaya da aka ƙiyasta da kuɗi, sai da ya fitar da biyu ko uku kafin ya wanke kansa. Damina ta yi kyau a shekarar, amma gidaje da yawa sun shiga 2006 da rumbu rabi, domin kakarsu ta tafi biyan abin da aka ci a watan Agusta. Wasu suka jinginar da gona, jinginar da ta rikiɗe ta zama sayarwa, ƴaƴansu suka koma ƙwadago a gonar da ubansu ya gada.

Addini ya yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu, al'ada kuma ta ɗora kunya a kan wanda ya ƙi biya, shi ya sa manomin Maraɗi bai yi suna da cin amana ba. Yakan biya, ko da tuwon ƴaƴansa ne. Gidajen da suka fi tsira a waɗannan shekaru su ne waɗanda suka ware hatsin damina suka hana kowa taɓa shi, suka bar biyan bashi ga wake da akuya da kuɗin cin rani, kuma matansu ke da akwatin da za su ranta a watan da buhu ya fi tsada.