Amanar Maigida da Ƙa'idar Sirri: Darasi daga Zangon Accra

Tun kafin a san intanet, zangon Hausawa a ƙasar Ghana yana da tsarinsa na riƙe bayanan mutane. Bayan da yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar goro ta Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. A Accra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima ta taso a shekarun 1930 a filin da Malam Futa ya samu daga hannun 'yan ƙabilar Ga, Maamobi kuma ta bunƙasa a gefenta. Baƙon da ya sauka a waɗannan unguwanni ta hannun maigida yake bi. Maigida ya san garin da ya fito, da yawan shanunsa ko huhun goronsa, da mai binsa bashi, da kuɗin da ya ba da ajiya. Ba a rubuta sharaɗi ba, amma iyakar a fili take: wannan sani na nemo mai saye ne da tsaya wa baƙo, ba na kai wa abokin takararsa ba. Maigidan da ya tona asiri, fatake su ƙaurace masa, gidansa ya mutu.

Mutanen zango sun kuma ɗanɗani abin da bayani ke jawowa idan ya faɗa hannun mai iko. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta umarci baƙin da ba su da takardar zama su bar ƙasar cikin mako biyu. Jama'a masu ɗimbin yawa suka kama hanyar Najeriya da Nijar da sauran maƙwabta, har da waɗanda a Ghana aka haife su. Sunan mutum da harshensa da mahaifar ubansa suka zama hujjar kora. Shi ya sa da aka shiga rajistar katin shaidar ɗan ƙasa, wato Ghana Card, gadan-gadan a 2019, aka kuma fara haɗa layukan waya da katin a watan Oktoba na 2021, ɗari-ɗarin da wasu 'yan zango suka nuna ba jahilci ba ne, tarihi ne bai goge ba.

Yau mai riƙe bayanin ya sauya. Shafin sayar da kaya ne, ko manhajar bashi, ko kamfanin aikin Hajji, ko makarantar da ke karɓar kuɗi ta wayar salula, wato MoMo. Doka ba ta yi shiru ba: sashe na 18 na kundin tsarin mulki na 1992 ya kare sirrin gida da saƙonni, Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta kafa hukuma, ta wajabta wa mai tattara bayanai yin rajista, da faɗin dalilin tattarawa, da bai wa mutum damar gani da gyara abin da aka rubuta a kansa. Ƙa'idar sirri da ake sakawa a shafi ita ce wurin da wannan alkawari yake zama a rubuce.

Wani zai ce amanar da ta riƙe kasuwar zango shekara da shekaru ta isa, babu buƙatar takarda. Amma amanar maigida ta tsaya ne a kan sanayya: ana haɗuwa da shi a masallaci, ana iya kai ƙararsa gun sarkin zango. Mai shafi ba a ganinsa, bayanin kuma yana iya kwana a wata ƙasa. Inda sanayya ta ƙare, rubutu ne kaɗai abin riƙo. Wani kuma zai ce ba mai karanta irin waɗannan ƙa'idoji. Gaskiya ne, sai dai laifin na marubutan ne, masu kwaso dogon Turancin lauyoyi daga shafukan Amurka su liƙa wa 'yar kasuwar Nima wadda da Hausa take ciniki. Yardar da aka karɓa daga wanda bai fahimta ba, ba yarda ba ce.

Saboda haka matashin da ke gina shafi a Nima ko Maamobi ya amsa tambayoyin da baƙo zai yi wa maigida: me ka karɓa a wurina, don me, wa zai gani, har yaushe za ka ajiye, wa zan tuntuɓa in ina son a goge? Ya rubuta a gajarce, da Hausa da Turanci, ya ƙara da saƙon murya domin wanda ba ya karatu. Kada ya tambayi ƙabila ko asali in ciniki bai buƙata ba, kada kuma ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Bayanin mutum ajiya ne, wanda aka ba ajiya kuwa za a tambaye shi, a gaban doka da kuma gaban Allah.