Yadda Aka Fara Auna Ruwan Ƙasar Illela

A Darna Sabon Gari da maƙwabtanta na ƙasar Illela, harshe ne ma'aunin ruwa na farko. Mai haƙar rijiya yakan kurɓi ruwan da ya fara tsattsafowa, ya ce wannan zartsi ne, ko kuwa gardi gare shi. Mata kuma da sabulu suke hukunci: rijiyar da ta hana kumfa ba a ɗebo ta don wanki. Suna da hujja, domin a yankin akwai shimfiɗar farin dutse, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina da Malbaza, kuma ruwan da ya ratsa shi yakan fito da nauyi.

Awon hukuma ya zo ne ta ƙofar neman ruwa, ba ta lafiyarsa ba. Turawa sun kafa ma'aikatar binciken ƙasa a 1919, a 1930 kuma Raeburn da Tattam suka fitar da rahotonsu kan duwatsun lardin Sakkwato, wanda ya taimaka wajen sanin inda za a haƙa rijiya a dace. Sai a 1965 du Preez da Barber suka tattara bayanin sinadaran ruwan ƙarƙashin ƙasa na Arewa. A shekarun nan ne masana daga Amurka suka bi kwarin Sakkwato suna haƙa burtsatse suna ɗibar samfur. Rahoton Anderson da Ogilbee ya fito a 1973, shekarar babban fari, ya fayyace shimfiɗun Rima da Gwandu, har da wuraren da ruwa ke bulbulowa da kansa ba famfo.

Tafkin Kalmalo ne ya nuna wa mutanen Illela cewa ruwa bai san kan iyaka ba. Daga Nijar rafin Maggiya yake gangarowa ya cika shi. Da aka datse rafin a Mozage da Zango don noman rani a Ƙwanni, ga fari ya biyo baya, sai tafkin ya janye, masunta suka rataye koma. Wannan na cikin abin da ya kai Najeriya da Nijar ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, wadda ta ambaci Maggiya da sunanta, ta kuma ɗora wa kowane ɓangare tattara bayanan ruwa da musayarsu. A shekarun 2000 Mali da Nijar da Najeriya sun haɗa hannu kan tafkin ƙarƙashin ƙasa na Iullemmeden da suke sha tare, daga 2012 zuwa 2017 kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ɗauki nauyin gwajin da ke nuna shekarun ruwa da asalinsa a faɗin Sahel.

A ganina, raunin wannan tarihi shi ne yawancinsa aikin wa'adi ne. A zo, a auna, a rubuta, kuɗi su ƙare. Alhali sa ido na gaskiya shi ne a koma rijiya ɗaya da rani da damina, shekara bayan shekara, har a gane lokacin da ta fara sauyawa. Doka kam akwai: ma'aunin ruwan sha na ƙasa na 2007 ya ƙayyade naitiret a miligiram 50 cikin lita, an kuma kafa hukumar kula da bayanan ruwa ta tarayya a 2010.

Haɗarin yau kuwa harshe ba ya kama shi. Takin zamani da ake zuba wa albasa a fadama, da masai da aka haƙa kusa da rijiya, suna shiga ruwa ba tare da sun canja masa ɗanɗano ba, kuma kwalarar 2021 ta taɓa Sakkwato da Ƙwanni duka. Gwajin ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalba mai tsabta, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ta ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. Daga Illela zuwa Sakkwato tafiyar fiye da kilomita 80 ce, kuma dole wani ya biya kuɗin mota da na ƙanƙarar kowane zuwa.