Shehu Abdullahi

Shehu Abdullahi ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya, wanda aka haifa a birnin Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993, ya kuma shahara da tsaron baya ta ɓangaren dama. Bayan da tauraronsa ya haska a Kano Pillars, sai ya yi ƙaura zuwa Kuwaiti, daga bisani ya buga wasa a Fotugal da Saifurus da Turkiyya. Mafi girman abin da tarihi ya adana masa shi ne lambar tagulla ta gasar Olamfik ta Rio, wadda Najeriya ta samu a birnin Belo Horizonte ranar 20 ga Agusta, 2016, sa'ad da ta rinjayi Honduras da ci 3 da 2. Ya halarci gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha.