Tarihin Al'adar Duba Sabon Shafin Intanet Kafin a Buɗe Shi ga Jama'a

Al'adar duba sabon shafin intanet kafin a buɗe shi ga jama'a ta girmi yawancin kamfanonin da suke cin abinci da ita a yau, kuma wanda ya bi sawunta zai tarar ba daga tushe guda ta fito ba. Masu sana'ar gina shafuka sun saba yi wa sabon aiki tambayoyi uku: ko an rubuta shi bisa ƙa'idar da aka amince da ita, ko makaho da kurma da mai shanyewar hannu za su iya amfani da shi, sannan ko tsarinsa da launukansa suna taimakon ido ko gajiyar da shi suke yi. Tambayoyin nan sun taso a lokuta daban-daban, daga bakin mutanen da galibi ba sa ga maciji da juna, kuma sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin a gane cewa jijiyarsu ɗaya ce.

Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararsa a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva a watan Maris na 1989, abin da yake nema shi ne hanyar da masana za su riƙa musayar takardu ko da kwamfutocinsu ba iri ɗaya ba ne. Harshen da ya ƙirƙiro domin wannan aiki, wato HTML, jerin alamomi ne da ake sakawa a cikin rubutu domin a nuna matsayin kowane yanki, a ce wannan kanun magana ne, wannan sakin layi ne, wannan kuma mahaɗa ce da za ta kai mai karatu wata takarda. Alamomin ba su ce komai ba game da launi ko girman harafi, domin an bar wannan ga burauza, wato manhajar da ke ɗauko shafi ta nuna shi. Wannan sauƙi ya yi wa makafi rana, domin shafin da rubutu ne zalla, manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya takan bi shi tiryan-tiryan ba tare da tuntuɓe ba. Sai dai burauzocin farko an gina su da sassauci: idan marubucin shafi ya manta bai rufe wata alama ba, sai burauza ta yi hasashen abin da yake nufi ta wuce, kuma kowace da irin nata hasashen.

Ciniki ne ya dagula al'amarin. A watan Fabrairu na 1993 Marc Andreessen, ɗaya daga cikin masu gina burauzar Mosaic a Jami'ar Illinois, ya kawo alamar saka hoto a cikin shafi. A ƙarshen 1994 Netscape Navigator ta fito, sannan Microsoft ya biyo baya da Internet Explorer a watan Agusta na 1995. Kamfanonin biyu suka shiga gasar ƙirƙiro alamomin da ɗayan bai san da su ba, har Netscape ta kawo wadda ke sa rubutu ƙyaftawa, Microsoft kuma ya kawo wadda ke sa shi tafiya daga gefe zuwa gefe. Mai gina shafi ya wayi gari yana yin aiki ɗaya sau biyu, ko kuma ya manna sanarwa a ƙasan shafinsa cewa da burauza kaza aka fi ganin sa da kyau, wanda a zahiri kora ce cikin ladabi ga duk wanda ba ya da ita. Su kuma masu zane, da yake HTML ba shi da hanyar jera abubuwa a gurabe, sai suka koma ga jadawali, wanda aka tanada domin alƙaluma, suna cusa jadawali cikin jadawali, suna tokare gurabe da wani ɗan hoto garai-garai mai girman ɗigo ɗaya da ido ba ya gani, ana miƙe shi gwargwadon tazarar da ake so. Littafin David Siegel na 1996, Creating Killer Web Sites, ya yaɗa wannan dabara ƙwarai. Ga mai gani shafin ya yi kyau. Ga makaho kuwa, manhajarsa tana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, tana ambaton sunan kowane hoton tokara, ta gutsuro rabin labari daga wannan gurbi ta haɗa shi da talla daga wancan.

Ƙungiyar W3C, wadda Berners-Lee ya kafa a jami'ar MIT a watan Oktoba na 1994, ita ta ɗauki nauyin rubuta ƙa'idojin da kowa zai bi. A cikin watan ne Håkon Wium Lie ya gabatar da shawarar CSS, wato wani harshe na daban da zai ɗauki nauyin launi da girma da jeri domin HTML ya koma aikinsa na nuna ma'ana, kuma tare da Bert Bos suka kai shi ga zama ƙa'ida a watan Disamba na 1996. A 1997 ƙungiyar ta buɗe manhajar tantancewa, wadda ta samo asali daga aikin Gerald Oskoboiny: mutum ya ba ta adireshin shafinsa, ta auna shi da ƙa'ida, ta jero masa kurakurai layi-layi, idan kuwa ba ta sami ko ɗaya ba ta ba shi ɗan tambari ya manna a ƙasan shafi. Daga nan al'adar duba shafi ta sami sifar da aka san ta da ita. Amma ƙa'ida ba ta da amfani idan burauza ba ta bin ta, shi ya sa a 1998 George Olsen da Glenn Davis da Jeffrey Zeldman suka kafa Web Standards Project domin matsa wa kamfanonin lamba. Gwajin da wannan sabuwar ƙungiya ta fitar a 2005, mai suna Acid2, shafi ne da idan burauza ta bi ƙa'ida sai ta zana fuska mai murmushi, idan ta kauce sai fuskar ta wargaje, kuma Internet Explorer ba ta zana ta daidai ba sai a siga ta 8, a 2009.

Batun masu buƙata ta musamman ya biyo wata hanya daban. Gregg Vanderheiden na cibiyar Trace a Jami'ar Wisconsin ya tattara jagororin farko a watan Janairu na 1995, W3C ta buɗe sashe na musamman domin wannan aiki a 1997, sannan a ranar 5 ga Mayu, 1999 ta fitar da WCAG 1.0, wato ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, mai jagorori 14 da wuraren dubawa 65, da matakan cika sharaɗi uku da ake kira A da AA da AAA. A tsakiyar shekarun 1990 wata cibiyar ilimi a jihar Massachusetts mai suna CAST ta fitar da manhajar Bobby, wadda aka raɗa wa laƙabin ɗan sandan Ingila, kuma tambarinta ya bazu a shafukan makarantu da hukumomi. A nan ne raunin dubawar na'ura ya fara fitowa fili. Sharaɗi na farko a WCAG shi ne kowane hoto ya kasance da rubutun da zai maye gurbinsa ga wanda ba ya gani. Na'ura tana iya tabbatar da cewa rubutun yana nan, amma ba ta san bambanci tsakanin wanda ya rubuta kalmar "hoto" kawai da wanda ya bayyana cewa taswira ce ta hanyar zuwa asibiti ba. Shafuka da yawa sun sami tambarin alhali makaho bai iya komai da su.

Shari'ar da ta fi nuna nauyin wannan magana a Ostareliya aka yi ta. A watan Yuni na 1999 Bruce Maguire, makaho da ke karanta intanet da na'urar da ke fitar da rubutun Braille a ƙarƙashin yatsa, ya kai ƙarar kwamitin shirya wasannin Olamfik na Sydney gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar, bisa dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 1992. Ƙorafinsa a kan abubuwa ne ƙanana a ido: hotuna da taswirorin dannawa ba su da rubutun maye gurbi, ba ya iya kaiwa ga jerin wasanni daga shafin jadawalin gasar, kuma an tsara sakamakon wasanni ta yadda na'urarsa ba ta iya bin sa. Kwamitin ya kare kansa da cewa gyaran wahala ce da ta wuce kima, har ya ce zai ci fiye da dalar Ostareliya miliyan 2, amma masanan da Maguire ya gabatar, Tom Worthington da Jutta Treviranus, suka nuna cewa 'yan ma'aikata kaɗan za su gama shi cikin makonni, tun da dubban shafukan daga 'yan samfura ƙalilan ake fitar da su, wanda ya gyara samfur kuwa ya gyara duk abin da ya fito daga cikinsa. A ranar 24 ga Agusta, 2000 hukumar ta ba Maguire gaskiya, ta umarci a yi gyara kafin buɗe gasar ranar 15 ga Satumba, kuma da kwamitin ya gaza cika umarnin, a watan Nuwamba aka yanke masa biyan diyyar dala 20,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da abin da gasar ta ci, amma hukuncin ya tabbatar da cewa shafin intanet hidima ce kamar kowace hidima, kuma da an kula tun ranar da aka fara ginin, da gyaran bai ci komai ba. Amurka ta bi ta nata hanyoyin, da Sashe na 508 na wata dokarta da aka sabunta a 1998 domin hukumomin tarayya, da kuma ƙarar da ƙungiyar makafi ta ƙasa ta kai kantunan Target a 2006, wadda aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan 6.

Masu zane sun daɗe suna ganin ƙa'ida da sauƙaƙa wa makafi a matsayin takunkumi ga basirarsu, kuma abin da ya sauya ra'ayinsu gani da ido ne. A watan Oktoba na 2002 Douglas Bowman ya sake gina shafin Wired News da CSS ba tare da jadawalin jeri ba, sannan a watan Mayu na 2003 Dave Shea ya buɗe CSS Zen Garden, inda rubutu ɗaya da ba a taɓa ko harafinsa ba yake fitowa da ɗaruruwan kamanni daga hannun masu zane na ƙasashe daban-daban. Da WCAG 2.0 ta fito ranar 11 ga Disamba, 2008, wani yanki na zane ya shiga ma'auni: tazarar haske tsakanin rubutu da bangon da yake kai dole ta kai 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya, alhali baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1. Ruwan toka mai lamba 767676 a kan fari yana tsallakewa da ƙyar, wanda ya ɗara shi haske da taki ɗaya, mai lamba 777777, yana faɗuwa. Wannan sharaɗi ya amfani dattijon da ganinsa ya ragu, ya kuma amfani duk wanda ke duba waya a tsakar rana.

Akwai wani ɓangare na wannan dubawa da ya shafi Hausa kai tsaye. Shafin da bai bayyana cewa da tsarin UTF-8 aka adana haruffansa ba, ko aka zaɓa masa salon rubutun da ba shi da haruffa masu ƙugiya, yakan mayar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ wasu akwatuna ko alamomin tambaya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa marubuta da yawa suka saba yar da ƙugiyar, har "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Haka kuma WCAG ta shardanta a bayyana harshen shafi, wanda ga Hausa haruffa biyu ne kacal, "ha", kuma shafin da aka bar masa alamar Turanci yana umartar manhajar makaho ne ta furta Hausa da lafazin Turanci. Manhajar tantancewa ba za ta ga laifi a nan ba, domin alamar Turancin daidai take a ƙa'ida. Sai wanda ya san harshen ya zauna ya saurara.

Ƙa'idar HTML5, wadda ƙungiyar WHATWG ta fara a 2004 kuma W3C ta tabbatar a watan Oktoba na 2014, ta warware tsohuwar matsalar hasashe ta hanyar fayyace abin da kowace burauza za ta yi idan ta ci karo da kuskure. Web Standards Project ta rufe aikinta a 2013, kuma WCAG 2.2 ta watan Oktoba na 2023 ta cire sharaɗi mai lamba 4.1.1, wanda ya buƙaci alamomin shafi su kasance a rufe kuma a jere daidai, domin ya daina yin tasiri ga mai amfani. Sauran sharuɗɗan kuwa suna nan ba a cika su ba: binciken da cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah ta fara a 2019 a kan shafukan farko na gidajen intanet miliyan ɗaya ya sami kurakurai a kashi 97.8 cikin ɗari, mafi yawansu rubutu ne mai dishi-dishi a kan bango mai haske, sai hotunan da ba su da rubutun maye gurbi, wato abin da Maguire ya kai ƙara a kansa shekara 20 kafin nan. Shi ya sa ƙwararren mai dubawa a yau, bayan ya gama da manhajojinsa, yakan ture linzamin kwamfuta gefe ya bi shafin da madannai kaɗai, ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari ya ga ko wani abu zai ɓace, sannan ya kunna manhajar karanta allo irin su JAWS ko NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006 kuma ake ba da ita kyauta, ya cike fom ɗin shafin tun daga suna har zuwa maɓallin aikawa yana sauraro.